Abin da ke sa iska ta yaye rufin gida da yadda ake kare shi kafin damina

Kowace shekara, da zarar ruwan farko ya fara sauka, rahotannin da ke isa ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi sukan yi kama da juna: guguwa ta yaye rufin gidaje da ajujuwan makarantu, ta karya turakun lantarki, iyalai sun kwana a waje. Akan ɗauki lamarin a matsayin tsautsayi, amma sau da yawa a layi ɗaya za a ga gidan da iska ta kwashe wa kwano, na kusa da shi kuwa ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Bambancin yana cikin aikin da aka yi tun ranar ɗora rufin.

Damina ba lokaci ɗaya take shigowa Nijeriya ba. A gaɓar teku ruwa kan kankama tun watan Maris, a Sakkwato da arewacin Katsina da Borno kuwa sai wajen Yuni, kamar yadda hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yake nunawa. Iska mafi ɓarna ita ce ta farkon damina da ta ƙarshenta, wadda ke tasowa daga gabas tana gaba da hadari. Magina na dā sun san da haka, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas kaurin yaɓe, su shafe shi da makuba ko laso.

Mutane da yawa na zaton iska tura kwano take yi har ya tashi. A zahiri ɗaga shi take yi. Idan ta bugi bango ta haura ta bi saman rufi da gudu, nauyin iskar da ke danne kwanon daga sama sai ya ragu, ya zama kamar ana zuƙo shi. In kuma aka yi rashin sa'a ƙofa ko taga ta ɓangaren da iskar ke fitowa tana buɗe, sai ta cika ɗakin ta riƙa tunkuɗo rufin daga ƙasa. Ƙarfin biyu ne ke haɗuwa, kuma sun fi tsanani a kusurwoyi da gefuna da ƙololuwar rufin. Daga nan ɓarna ke farawa. Falle ɗaya in ya ɗaga, sauran sun sami hanya.

Saboda haka siffar rufi tana da tasiri. Rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jure wa iska. Wanda ya kwanta sosai kuwa ya fi saurin tashi, ruwa ma yakan daɗe a kansa. Haka nan bakin kwanon da aka bari ya zarce bango da yawa, ko da yake yana ba da inuwa yana kare filasta daga feshin ruwa, nan iska ke samun wurin kamawa idan ba a rufe ƙarƙashinsa ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wurin da ido ba ya gani. Rufi ba ya tsayawa da nauyinsa kawai, dole ne katakon da ke kwance bisa bango ya kasance a ɗaure da rodi ko langa-langan da aka binne cikin kankaren saman ginin, sannan kowane katako ya kama na ƙarƙashinsa da kyau. A gidaje da dama ƙusoshi ne kawai aka buga a cikin bulo, wanda ba ya riƙe su. Irin wannan gida ne ake tarar da rufinsa ɗungurungum, da katako da kwano, a bayan gari. Ba kafinta ne kaɗai ke da laifi ba. Mai gida da kuɗinsa ya ƙare a linta yakan nemi a rage katako, a faɗaɗa tazara, a sayo kwano mafi sirantaka, alhali abin da ya tsimin bai kai kuɗin sake rufi da silin da kayan ɗakin da ruwa zai lalata ba. Ɗanyen katako ma matsala ne, domin yana bushewa ƙusa za ta saki, in kuma ba a shafa masa magani ba gara ta cinye shi.

A Kudu abokin gabar rufi shi ne tsatsa. Kalaba da Warri da Fatakwal suna samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, ga kuma iskar teku mai gishiri. Farin kwano ba ya daɗewa a can, shi ya sa aka karkata ga alminiyam, wanda aka fi sayar da mai kaurin milimita 0.45 da 0.55. Sai dai buga masa ƙusar baƙin ƙarfe kuskure ne: a cikin laima ƙarafan biyu sukan ci juna, ramin ya faɗaɗa, yoyo ya fara. Ƙusa mai murɗi da ke da roba a wuya ta fi riƙo, ta fi toshe ruwa.

Yawan ruwan da rufi ke zubarwa ya wuce yadda ake tsammani. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, ke nan ruwan milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100 ya kai lita 5,000. In ba a yi masa hanya ba, gindin bango zai koma, ya jiƙa harsashi, fenti ya riƙa ɓarewa daga ƙasa. Gidajen yayi na Abuja da Legas, masu kwano a ɓoye bayan bango, sun fi shiga wannan haɗari, domin ganye ko leda ɗaya kan toshe magudanar, ruwa ya taru ya sauko ta silin. Soron ƙasa ma da indararo ya dogara. In ya toshe, ruwa zai kwanta, ƙasa ta yi nauyi, azara ta gaza.

Lokacin duba rufi shi ne rani, kafin hadarin farko. A nan ake ƙara ƙusa a gefuna, a sauya fallen da ya huje, a yashe magudana, a toshe tsagar bango, a sare reshen da ya rataya bisa gida. Mazauna Kudu maso Yamma suna da ƙarin dama a ɗan tsagaitawar ruwa da akan samu tsakanin ƙarshen Yuli da Agusta. Ɗora duwatsu ko tsofaffin tayoyi a kan kwano ba gyara ba ne, iska mai ƙarfi kan jefo su kan mutane. Tsohon rufin asbestos kuwa ba a fasa shi ko huda shi barkatai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa shaƙar ƙurarsa na haddasa ciwon daji. Ɗan haya da ya ga tabon ruwa a silin, gara ya sanar da mai gida a rubuce tun kafin katakon ya ruɓe.