Gajimaren ruwan ɗumi da ke tashi daga ƙasan teku

A shekarar 1986, masu binciken hukumar NOAA ta Amurka suka ci karo da katafaren gajimaren ruwan ɗumi a saman tsaunukan Juan de Fuca, ƙarƙashin tekun Pasifik. Faɗinsa ya kai kilomita 20, ya kuma tashi kusan kilomita ɗaya daga ƙasan teku. Daga baya aka danganta shi da aman wuta.

A 2021, masanan Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna cewa narkakken dutse kaɗai ba zai samar da zafi irin wannan ba. Tafasasshen ruwan da ke maƙale cikin ɓawon ƙasa ne ke ɓallewa lokaci guda, yana kwasar ma'adanai da ƙananan halittu zuwa nesa. Mafi yawan aman wutar duniya a can ƙasan teku yake aukuwa, inda ido ba ya kaiwa.