Fim Ɗin Maɗaba'a: Abin da Ke Sa Hoto Ya Fito Da Ido Huɗu

Duk wanda ya saba duba kalandar hawan Sallar Gani a Daura, ko fastar 'yan takara a lokacin zaɓe, ba zai rasa ganin wadda fuskar mai hoton ta rabu biyu ba, jan launi ya zame gefe guda, shuɗi ya bi wani gefen. Sau da yawa akan ɗora wa mai jan inji laifi, alhali ɓarnar ta faru tun wajen fitar da fim.

Injin ɗab'i ba ya buga hoto mai launi a tashi ɗaya. Sai an rarraba hoton gida huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Kowane launi da fim ɗinsa, kowane fim kuma da farantinsa na alminiyam, wanda ake haska wa fitila mai ƙarfi ta cikin fim ɗin. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya goce ko da rabin milimita ne, ido zai gani.

Na'urar da aka ƙera domin wannan aiki, irin su Linotronic 300, tana zana ɗigo 2,540 a kowane inci da hasken lesa, a kan fim na roba mai sinadarin azurfa. Tsadarta ce ta sa ƙananan maɗaba'u suka koma ga takardar tirasin da firintar ofis mai ɗigo 600 ko 1,200. Ga katin biki mai launi ɗaya, wannan dabara ta wadatar, kuma babu dalilin raina ta.

Matsalarta tana cikin halittar takarda. Takarda zaren itace ce, zaren kuwa yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙofar katako ke cijewa da damina. Firinta kuma tana gasa hodar tawada da zafin da ya kusa digiri 200, saboda haka takardar kan fito ta ɗan motse, kuma ba lallai ne huɗun su motse daidai wa daida ba. A Daura, inda danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da hunturu, ya haura 70 a watan Agusta, tirasin da aka ajiye ba ya zama a kan awonsa. Bugu da ƙari, baƙin hodar bai cika duhu ba, haske kan ratsa shi ya cinye ƙananan ɗigo.

Fim na roba da ake bugawa a firinta mai feshin tawada ya fi shi aminci, domin babu gashi, roba kuma ba ta shan ruwa kamar takarda. Amma tun baje-kolin Drupa na 1995 a Jamus, duniyar ɗab'i ta karkata ga CTP, inda lesa ke rubuta hoton kai tsaye daga kwamfuta zuwa faranti, babu fim a tsakani. Maɗaba'ar da ba ta da wannan na'ura tana iya aika aikinta wurin masu ita, a dawo mata da faranti huɗu da ramukansu suka hau juna daidai.