Izinin Waliyyi da Lamunin Mai Bincike: Gwajin Trovan a Mahangar Fiƙihu

A shekarar 1996, yayin da annobar sanƙarau ta mamaye Arewacin Nijeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba ceftriaxone domin kwatantawa. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ajalinsu, iyaye kuwa suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ga ɗalibin fiƙihu, mas'alar ta rataya ne a kan izini. Ibnul Ƙayyim, Allah Ya jiƙansa, ya kasa likitoci gida biyar a Zadul Ma'ad. Na biyar shi ne gwani wanda ya kyautata aikinsa, amma ya yi wa yaro aiki ba da izinin waliyyinsa ba, aka sami ɓarna. Malaman mazhabarsa sun ɗora masa lamuni, shi kuwa ya kawo yiwuwar a sauke masa, saboda mai kyautatawa ne.

Wannan rangwame bai kai ga mai bincike ba. Likita na nufin warkar da wanda ke gabansa kawai. Mai gwaji yana da wata manufa ta biyu, wato tattara hujjar da za ta ba maganinsa lasisin shiga kasuwa. Wanda ke da rabo a cikin aiki ba a kiransa mai kyautatawa zalla. Haka nan amincewar uban da ɗansa ke sanƙare a hannunsa, bai kuma san yana da zaɓi ba, da wuya shari'a ta kira ta yarda.

Akwai kuma abin da Shaɗibi ya jaddada a Muwafaƙat, wato lura da makomar ayyuka. A 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, labarin Trovan na cikin hujjojin masu ƙi. Kafin a dawo da shi a 2004, ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.