Tsari da Launi a Hoton Tufafi: Misalin Gonakin Kura da Bunkure

Hoton tufafi shi ne hoton da ake ɗauka domin a nuna sutura: yadinta, ɗinkinta, da yadda take zama a jiki idan mai ita ya tsaya ko ya motsa. A cikin situdiyo mai hoto ne ke da iko da komai, shi ke rataya labule, shi ke kunna fitila. Da zarar ya fita waje, wannan iko ya ragu. Rana ba ta jiransa, iska ba ta shawara da shi, wurin kuma yana zuwa da launukansa. Fita da kaya waje ya samu karɓuwa ne a 1933, lokacin da Martin Munkácsi, ɗan ƙasar Hungari wanda ya saba da ɗaukar hoton wasanni, ya ɗauki wata mata tana gudu a bakin teku kusa da birnin New York domin mujallar Harper's Bazaar. Kafin nan yawancin masu tallan kaya a tsaye ƙyam suke a cikin ɗaki.

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, a kudu da birnin Kano kan hanyar Zariya, wuri ne da ya dace a koyi wannan fanni a cikinsa. Ruwansa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da rabonsa. Babban kanal yana rarrabuwa zuwa ƙanana, ƙananan su shiga fangula. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, layukanta miƙaƙƙu ne, launinta kuma yana sauyawa sau da yawa a shekara.

Matsalar farko da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke kawowa ita ce layin da sama ta haɗu da ƙasa. Babu dutse ko dogon gini da zai karya shi, saboda haka yana ratsa hoton daga gefe zuwa gefe. Idan mai hoto ya tsaya ya riƙe kyamara daidai fuskarsa, layin zai bi ta wuyan wanda ake ɗauka ko ta kunnuwansa, ya raba kai da jiki. Maganin abin a gwiwa yake. In ya durƙusa, layin zai sauko zuwa ƙugu ko ƙasa da haka, kafaɗu da hula ko ɗaurin ɗankwali su fito sarai a kan sararin sama, mutumin kuma ya ƙara tsawo da kwarjini. Wannan ya fi dacewa da babbar riga, wadda kyanta yana cikin faɗinta. In kuwa ya hau gaɓar kanal ya leƙo ƙasa, sama za ta fice daga hoton gaba ɗaya, gonar ta zama shimfiɗa ɗaya a bayan kayan. Ko wanne aka zaɓa, dole layin ya daidaita. Karkatar da ba ta kai a lura da ita a cikin gari ba, a fili tana bayyana nan take.

Kanal da kunyoyi suna jan ido zuwa inda suka nufa. Mai hoto yakan tsayar da mai kayan a inda layukan ke neman haɗuwa, ko a gefensu kaɗan, domin idon mai kallo ya bi ruwa ya iske rigar. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar raba hoto gida uku a tsaye da a kwance, a ajiye mutum kan ɗaya daga cikin layukan maimakon tsakiya. Ƙa'ida ce mai amfani ga mai koyo, amma ba farilla ba ce. Rigar da aka yi wa aska takwas, ko doguwar rigar da adonta ke bin tsakiyar ƙirji, sau da yawa ta fi kyau a tsakiyar hoton, an fuskance ta kai tsaye. Mayafi da gyale kuwa suna son a bar musu fili ta ɓangaren da iska ke kaɗa su. Sai a kula da turakun lantarki da bututun injin ban-ruwa, kada su tsiro daga kan mutum.

A sha'anin launi, kalandar manomi ce ke mulki. A watannin Agusta da Satumba shinkafa ta rufe ƙasa da kore shar. Zuwa Oktoba da Nuwamba ta nuna ta koma ruwan ɗorawa. Da rani alkama takan fara da kore mai duhu, ta ƙare da ruwan zinariya wajen Maris, a daidai lokacin da tumatir ke cika kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, wanda ya yi yawa kuma a yanka a shanya, ƙasa ta yi ja wur. Wanda zai nuna atamfa ko leshi a wannan yanki, kafin ya zaɓi rana sai ya san abin da ke cikin gona.

Launuka masu adawa da juna suna fito da juna: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, shunayya da rawaya. Saboda haka jan yadi ko ruwan hoda a tsakiyar ɗanyar shinkafa yana tsalle ya fito, shuɗiyar shadda kuma ba ta da abokiyar zama kamar nunanniyar alkama. Akwai hanya ta biyu, wato a haɗa launuka 'yan gida ɗaya, kamar ruwan madara da ruwan ƙasa a kan tattakar shinkafa bayan girbi. Irin wannan hoto yana da natsuwa, sai dai yana buƙatar haske daga gefe ko daga baya domin a raba mutum da abin da ke bayansa. Koren yadi a koriyar gona yawanci asara ce. Haka kuma atamfa mai yawan zane ta fi son baya marar hayaniya. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya yi suna wajen ɗora yadi mai zane a kan labule mai zane, amma hotunansa na baƙi da fari ne. A hoto mai launi wannan dabara tana saurin rikicewa.

Kore yana da wani makirci da ido ba ya kamawa. Ganye yana mayar da hasken rana sama, hasken ya hau farar shadda, ya hau ƙarƙashin haɓa, fata ta fito da wani tsanwa-tsanwa kamar ta marar lafiya. Ana magance shi da farin kwali ko farin zane da wani zai riƙe daga ƙasa, ko a tsayar da mutum a bakin gona inda ƙasa take tsirara. Ga mai sayar da yadi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai saye launin da ya gani a waya shi zai nema.

Yankin yana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana hawa da sauri. Lallausan haske mai ɗan ja na bayan fitowar rana da na bayan la'asar sakaliya bai cika wuce sa'a guda ba. Da tsakar rana haske daga bisa yake zubowa, ya bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, ya ƙone farin yadi har aikin allura ya ɓace. Farin kaya a jikin baƙar fata jarrabawa ce ga kyamara: in an biye wa fuska yadi ya ƙone, in an biye wa yadi fuska ta nutse. Ƙwararru sukan auna hasken da yadin, sannan su ƙara wa fuska haske da abin da ke mayar da shi. Hunturu kuwa yana zuwa da rangwame. Hazo yana tace rana, inuwa ta yi laushi, nesa ta dushe ta koma ruwan toka, launin kaya ya tsaya shi kaɗai. Abin da ake biya shi ne shuɗin sama, da ƙurar da ke shiga kyamara in an sauya gilashi a fili.

Yadin da ya fi kowane wuyar ɗauka, a garin Kura ake yin sa. Ɗan Kura siraran ƙyallaye ne da ake haɗawa a ɗinke, a rina da baba, sannan masu bugu su yi ta dukansa a kan gungume tare da garin shuni har ya ɗauki ƙyalli. Buzaye na Agadas da sauran Sahara sun daɗe suna sayensa domin rawani da lulluɓi, kuma shuninsa yana zuba a fata. A inuwa baƙi ne ƙirin. Sai haske ya taɓa shi a karkace sannan shuɗin da shunayyar da ke cikinsa su bayyana, har da wani ja-ja irin na tagulla a kan naɗin. Saboda haka ba a ɗaukarsa da rana a bayan mai hoto, ba a kuma harba masa filasha daga gaba. Ana juya mai rawanin a hankali har ƙyallin ya kwanta a kan lanƙwasar naɗin. Gilashin da ake ɗaurawa don kashe walƙiyar ruwan kanal yana iya rage wannan ƙyalli, wanda shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, don haka a nan cire shi ake yi. Ana kuma raba ɗan Kura da fararen kaya a cikin jaka, domin yana ɓata su.

Gona wurin sana'ar wani ce. Ana neman izinin mai ita kafin a shiga, a bi kunya ba a taka shuka ba, kuma ba a sa ma'aikata ko matan da ke shanyar shinkafa da tumatir a hoto sai sun yarda. Shiga ruwan kanal domin hoto ganganci ne: gaɓar babban kanal tana da santsi, ruwansa yana da ƙarfi, ƙananan magudanai masu ciyawa kuma matattara ce ta dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ana ɗauko kayan a rataye, a sa su a wurin, a ɗage bakin zane har sai an kai inda za a tsaya, domin da sassafe raɓa da taɓo suna jiƙa gefen yadi ya yi duhu ya fita daban da sauran jikinsa a cikin hoton.