Aure ya mutu: ƙaƙa za mu yi da yara?

Mutuwar aure ba baƙon abu ba ce a garuruwanmu. Daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya a sami zuri'ar da babu bazawara a cikinta. In saki ya auku, manya sukan zauna su yi maganar idda, da kayan ɗaki, da biko. Yara kuwa suna gefe suna saurare, ba mai ce musu kome. Alhali su ne za su fi daɗewa suna ɗauke da abin.

Yaro ƙarami bai san dalilin rabuwa ba. Abin da ya gani shi ne, jiya uwarsa tana ɗaki, yau babu ita. Sau da yawa yakan zaci laifinsa ne, ko don ya yi ƙiwa, ko don ya zubar da fura. Ba zai faɗa da baki ba, amma jikinsa zai nuna. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani ya ƙi cin abinci. Wani ya yi shiru kamar ba shi a gidan, wani kuma ya kama faɗa da kowa. Wannan ba iskanci ba ne, ba kuma iskoki ba ne. Tsoro ne da kewa. Duka yana ƙara su.

Maganin farko shi ne a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. A ce masa: "Innarka da babanka ba za su ƙara zama gida ɗaya ba. Ba laifinka ba ne. Ga inda za ka kwana, ga ranar da za ka ga innarka." Kada a ce masa ta tafi unguwa tana dawowa, don zai yi ta zaman jira a bakin ƙofa. Mun sani akwai kunya, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari. To, in uwa ko uba ba za su iya ba, kaka ko gwaggo ta yi maganar. Kuma ba sau ɗaya ba, don yaro zai sake tambaya.

Hannun wa yaro zai zauna? A al'adar wurare da yawa, uba yakan karɓi ɗa bayan yaye, ko in ya kai wajen shekara 7. A mazhabar Malikiyya kuwa, wadda malamanmu suke bi, riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan mijinta. In uwar ta yi wani aure, kaka ta wajen uwa ita ce ta farko da riƙon yake komawa hannunta. Ci da sha da sutura da magani suna wuyan uba, ko ina ɗan yake. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a shekarar 1990, wadda ta sa amfanin yaro gaba da kome. In an kasa shiryawa a gida, akwai mai gari, akwai liman, akwai alƙali. A ganinmu, uban da ya ƙwace ɗa don ya ƙona wa uwar rai, ɗansa ya ƙona wa.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne wajen mai shan nono. Jariri nono zalla yake bukata har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a haɗa masa da kunu da sauran abinci, ya ci gaba da sha har shekara 2. In an raba shi da uwarsa rana ɗaya, an yi masa yaye na ƙarfi. Ya rasa nono, ya rasa bayan da ya saba. Sai ya ƙi kunu, zawo ya kama shi, tamowa ta shiga. Wanda yake riƙonsa ya riƙa duba shi. In ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko igiyar awon dantse ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi gidan likita a ranar, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Takardu ma su bi yaro duk inda ya koma. Takardar awo da riga-kafi takan ɓace cikin kayan uwa, sai allurar dussa ta wata 9 ta wuce ba wanda ya tuna. Haka maganin riga-kafin masassarar sauro da ake raba wa ƙananan yara da damina: na kwana 3 ne kowane wata, ma'aikaci ya ba da na farko, sauran biyun a gida. In yaro ya sauya gida a tsakani, a gaya wa wanda ya karɓe shi. Takardar haihuwa kuwa, in babu ita, jarrabawar lakkol za ta ba shi wahala.

Akwai wani laifi da manya suke yi ba su ɗauke shi laifi ba: zagin juna gaban ɗa. Uwa ta ce: "Ka yi halin ubanka." Uba ya ce: "Me uwarka take faɗi a kaina?" Yaro rabi nasa ne, rabi nata, duk wanda aka zaga shi aka zaga. Kada a mai da shi ɗan leƙen asiri, kada a aike shi karɓar kuɗin abincinsa. Wannan aikin manya ne. Ga manomi, hanya mai sauƙi ita ce a yanke tun da kaka: dami kaza na hatsi, tiya kaza ta wake, a auna gaban shaidu a kai inda yaran suke. In an jira sai bazara, rumbu ya sauka, gardama za ta tashi.

Matar uba da mijin uwa su ma suna da nasu rabo. Agola ya ci a kwano ɗaya da ƴaƴan gida. Kada a fitar da yarinya daga lakkol a ɗora mata talla don uwarta ba ta nan. Kada kuma a tura yaro almajiranci gari mai nisa don kawai a huta da shi. Duk abin da bai zama dole ya sake ba, a bar masa shi: lakkol ɗinsa, abokan wasansa, tabarmarsa, ƴar akuyar da aka ba shi. In da hali, wa da ƙane su zauna wuri ɗaya.

A sanya ranar ziyara sananniya, ko Juma'a ko ranar kasuwa, a kuma cika ta. In gari da nisa, a bar shi ya ji muryar uwarsa ko ubansa ta salula. A sanar da malamin lakkol abin da ya faru, don ya sa masa ido. In wata 2 ko 3 sun wuce yaro yana ta rama, ba ya barci, ba ya wasa, a kai shi likita ya duba shi.