Kaiten-zushi: Gidajen abincin Japan inda faranti ke tafiya da kansa

A wasu gidajen cin abinci na ƙasar Japan, mai jin yunwa ba ya jiran sabis. Zama kawai zai yi, ƙananan farantai su riƙa giftawa ta gabansa a kan wani bel mai zagayawa, ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ransa ya so. Japanawa na kiran wannan tsari kaiten-zushi, wato sushi mai zagayawa. Shi sushi curin shinkafa ne da aka gauraya da binega, a ɗora masa yankan kifi, galibi ɗanye.

Wanda ya ƙirƙiro tsarin shi ne Yoshiaki Shiraishi, mai wani ƙaramin gidan sushi da ƙarancin ma'aikata ya addaba. Da ya ga yadda kwalabe ke tafiya a jere kan bel a masana'antar giya ta Asahi, sai dabara ta faɗo masa. Ya shafe shekaru yana gwaji, musamman kan yadda bel ɗin zai sha kwana farantai ba su zube ba. A 1958 ya buɗe Mawaru Genroku Sushi a Higashiosaka, sannan baje kolin duniya na Osaka a 1970 ya fito da shi idon jama'a.

Bel ɗin na tafiyar kimanin santimita takwas a daƙiƙa. Idan ya fi haka sauri, faranti zai kuɓuce wa mai ci. Idan ya yi nawa, layi zai taru. A gidaje da dama launin faranti ne ke nuna farashi, don haka idan mutum ya ƙoshi sai a ƙirga farantansa. Manyan kamfanoni irin su Sushiro da Kura Sushi na amfani da na'urorin da ke cura shinkafa, da wasu da ke lura da farantin da ya daɗe yana zagaye domin a janye shi. Wannan ragin hannu ne ya sauko da farashi, har abincin da a da sai mai hali ya zama na iyali, inda aka daɗe ana sayar da faranti yen 100.

Sai dai tsarin ya dogara ne kacokan kan amana. A farkon 2023, wani bidiyo ya bazu na wani matashi yana lasar kwalbar miyar waken suya a wani reshen Sushiro da ke Gifu. Hannun jarin kamfanin ya faɗi, wasu bidiyoyin makamantansa suka biyo baya. Kura Sushi ya kafa kyamarori masu sa ido a kan bel, wasu gidajen kuma suka daina zagaya abinci: sai mutum ya zaɓa a allon da ke teburinsa, bel mai sauri ya kawo masa kai tsaye. A irin waɗannan gidaje, farantin da Shiraishi ya sa yawo bai tashi sai an kira shi.