Girgizar ƙasa da dutse mai aman wuta: abin da yaranmu ke koyo a lakwal

 

Kwanan baya, a ajinmu na dare nan Tawa, wani dattijo ya zo da littafin ɗansa. Ya ce: "Malam, yaron nan ya ce mushensu ya gaya musu ƙasa tana tafiya, kuma akwai wuta ƙarƙashinmu. Na ce masa ƙarya ce. Shekarata 60 ina noma gonar ubana, ba ta gusa ko taki ɗaya ba." Na ce masa: "Baba, yaron ya fi mu gaskiya." Ga bayanin da na yi masa.

Me ke cikin ƙasa?

Ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai. Kaurin ɓawon nan ƙarƙashinmu ya kai kilomita 30 zuwa 40. In ana nutsawa ciki, zafi yana ƙaruwa, wajen digiri 3 a kowace mita 100. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi ƙwarai, wadda inji ya gina, yakan fito da ɗumi. Can ƙasa sosai dutse ya yi zafi har ya yi taushi, yana motsi sannu sannu.

Ɓawon nan ba guda ba ne. Ku dubi ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. Haka yake, ɓangare ɓangare. Kowane ɓangare yana tafiya, santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Mutum da gonarsa da garinsu duk suna bisa ɓangare guda, tare suke tafiya. Don haka ba ya jin motsin.

Yaya girgiza take faruwa?

A bakin ɗinkin ne ɓangarori suke gogar juna. Wani lokaci su sarƙe, shekaru da yawa, ƙarfi yana taruwa. Ran nan sai su kuɓuce gaba ɗaya, kamar igiyar guga da ta tsinke ana cikin ja. Sai ƙasa ta kaɗa. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Sau da yawa ba ta kai minti guda ba, amma ta isa ta rushe gari.

A wasu wurare kuma narkakken dutse yakan sami kafa ya hau sama, kamar tukunyar kunu da ta tafasa ta ture marfi. Zafinsa ya kai digiri 1,000. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100. Shi ake kira dutse mai aman wuta. Yana fitar da narkakken dutse da toka da iska mai guba.

Shaida tana ƙasarmu

Ba sai mun je nesa ba. Makiyaya da masu fasa dutse a tuddan Adar sukan tsinci katantanwa da haƙoran kifi da suka zama dutse. Me ya kawo kifi bisa tudu? Masana sun gano cewa shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wurin nan. Daga baya ruwan ya janye, ƙasa ta fito. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, a gindin wannan teku ya taru.

A arewa maso gabas da mu, cikin duwatsun Abzin, akwai duwatsun da suka yi aman wuta a zamanin da, suka mutu. A Tafadek, arewa da Agadas, har yanzu ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa, mutane suna zuwa wanka don neman lafiya. Zafin cikin ƙasa ne yake ɗuma shi.

Amma hankalinku ya kwanta. Adar tana tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakin ɗinki. Shi ya sa babbar girgiza ba abin da muka saba gani ba ne.

To, ina ruwanmu?

Ruwanmu babba ne. Mutanen Adar mutanen bida ne. Da an gama girbi, samarin Barmu da Kalfu da Afala da Kao sai su kama hanya: Abijan, Gana, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Wasu ƙasashen da suke zuwa, ƙasa tana motsi.

A 1939 girgiza ta rushe gidaje a Ankara, babban birnin Gana. A 1980 ta faɗa wa garin El Asnam na Aljeriya, mutum fiye da 2,500 suka rasu. A watan Disamba na 1983 ta taɓa arewacin Gine, ta kashe ɗaruruwa. A watan Satumba na 2023 ta auka wa ƙauyukan duwatsun Maroko da dare, kusan mutum 3,000 suka rasu. Yawancin gidajen na laka ne da dutse, irin namu.

A Kamaru kuma, daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iska mai shaƙe numfashi. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwari. Ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, da yawa suna barci. Tun 2001 aka fara sa bututu cikin tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan.

Duk da haka mutane ba su bar zama kusa da irin duwatsun nan ba, don tokarsu takan zama ƙasa mai albarka. Gindin dutsen Kamaru cike yake da gonakin ayaba.

Abin da za ku gaya wa mai tafiya

Har yau babu masanin da ke iya faɗin ranar da girgiza za ta zo. Amma an san wuraren da take yawan zuwa, an kuma san cewa gini ne ya fi kashe mutane in ya faɗo musu. Saboda haka:

1. In ƙasa ta kaɗa kana cikin ɗaki, ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kanka da hannu.
2. In kana waje, ka nisanci bango da wayar lantarki.
3. In ta lafa, ka fita fili. Kada ka koma ɗaukar kaya cikin gidan da ya tsage, don takan sake kaɗawa.
4. In kana bakin teku, ka hau tudu nan da nan, don ruwa yana iya tasowa.
5. In hukuma ta ce a tashi daga gindin dutse, ka tashi. Dukiya ana sake nemanta, rai ba a sakewa.

Dattijon nan namu yana da ɗa babba a Aljeriya. Da muka gama, ya sa ƙaramin ya rubuta masa abubuwan nan biyar, ya ce zai karanta wa yayan ta waya da bakinsa.

Iyaye, in yaro ya zo da darasi daga lakwal, kada ku ce ƙarya ce tun ba ku ji ba. Ku ce ya karanto muku. Yanzu ku ma kuna iya bin layi da yatsa.

Tambayoyi don aji:

1. Me ya sa ba mu jin tafiyar ƙasa?
2. Me ya kawo haƙoran kifi bisa tuddan Adar?
3. Me za ka yi in ƙasa ta kaɗa kana cikin ɗaki?

Ku tattauna da malaminku, kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.